Tokar Ronnie Tindle

Ernie Stobbart yana goge hannun birkin jirgin ƙasa da tsumma sai ya hango ƙanwarsa Edna tafe ta gefen layin dogo, rungume da wani gwangwani kore. Nan take ransa ya ɓaci. Ya san abin da ke ciki, tokar gawar mijinta ce da aka ƙone, Ronnie Tindle.

A gidan tarihin nan na tsohuwar mahaƙar kwal, in direba ya mutu ana zuba tokarsa a tanderun jirgi, mai tuƙi ya buɗe tururi gaba ɗaya a kan hawa, iska ta fizgi tokar ta fice ta bututu tare da hayaƙi. Ernie da hannunsa ya yi wa mutane da dama haka, har da wani mashayi da bai taɓa tsayar da jirgi daidai tasha ba. Amma Ronnie daban ne. Lokacin babban yajin aiki, su Ernie suna tsaye bakin ƙofar mahaƙar cikin sanyi, iyalansu na shan miyar sadaka, Ronnie ya hura wa wannan inji wuta, wato Mabel, ya ja kwal ya wuce ta gabansu ko kallo ba su ishe shi ba. Shekara kusan arba'in ke nan Ernie bai taka gidan ƙanwarsa ba. Da aka rufe mahaƙar aka mai da ita wurin kallo, su biyun suka dawo aikin sa kai, sai dai kowa da ranarsa.

"Yaya, ina kwana," in ji Edna.

"Wa ya bar ki kika shigo nan? Baƙi can baya suke tsayawa."

"Manaja ta yarda. Ka san abin da ya kawo ni."

"Ranar mijinki Alhamis ce. Ki kawo shi Alhamis, 'yan'uwansa maciya amana su sallame shi."

"Da bakinsa ya ce kai yake so. Wai ba wanda ya iya hawan nan kamarka."

Ernie ya yi tsaki. "Ko a mace ba shi da kunya."

"Ka san halin da muke ciki lokacin nan. Jariri gare mu."

"Kowa yana da iyali, Edna."

Pauline, mai zuba kwal, ta leƙo. "Baba Ernie, mutane fa na kallo." Ba ta jira amsarsa ba ta miƙa wa tsohuwar hannu ta jawo ta sama cikin injin. A baya, taragu sun cika da 'yan makaranta, sai surutu suke.

Ernie ya saki birki, ya ba Mabel tururi fiye da yadda ya saba tun a shimfiɗar ƙasa, har taragu suka riƙa karkarwa. Da suka iso gindin hawan, Edna ta juye gwangwanin a kan shebur. Pauline ta buɗe ƙofar tanderu ta miƙa shi can cikin wuta. Su biyun suka juyo suna duban Ernie.

Sai ya ja sandar tururi ya rufe ruf.

Mabel ta yi tsit, gudun da ta ɗebo ne kawai ke tura ta. Edna matar direba ce, da kunne ta gane.

"Buɗe mata, Yaya."

Ya leƙa waje kamar mai duba layi.

"Don Allah ka buɗe. Tun ina yarinya rabona da in roƙe ka wani abu."

Bai buɗe ba. Kuma ya ji daɗi, daɗi na gaske, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Da ƙyar Mabel ta kai saman hawan tana jan ciki, tokar Ronnie kuwa tana nan kwance cikin garwashi.

A tasha Edna ta sauka da kanta, ta ƙi hannun Pauline. Ba ta yi kuka ba, abin da Ernie ya so gani ke nan bai samu ba. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Matarka ta rasu. Ɗanka yana Ostareliya, ko waya ba ya yi maka. Ni kaɗai na rage maka a duniya, Yaya. To ka san hannun da zai ɗauko taka tokar."

Da yamma aka mai da Mabel cikin rumfarta. Kwashe wuta aikin Pauline ne, amma ta jefar da ƙugiyar a gabansa.

"Kai ka bar shi a ciki, kai za ka fito da shi," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Dole Ernie ya shiga ramin da ke ƙarƙashin injin, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ja ƙugiya, toka mai ɗumi ta zubo masa a hula, a wuya, har cikin baki. Ya tofar, ya sake tofarwa. Ya haska fitila ko zai bambance ta Ronnie da ta kwal, duk launinsu ɗaya. Daɗin nan ya neme shi ya rasa, sai tsoro da kunya.

Ya loda baro ya tura har bakin jujin da ake ɗiba a cike ramukan wurin ajiye motoci. Nan ya tsaya riƙe da hannayen baron. Ya kasa juyewa, kuma bai san inda zai kai shi ba.