Yau Zarami, Gobe Ruga

Tun da wata likita a Kano ta ɗora Zarami a kan ƙwayar sankarar jini, saifarsa da ta kumbura ta sace, ya koma gonarsa ta riɗi a Kanya Babba har mutane suka manta yana da ciwo. Kullum da safe, bayan koko. Ta ja masa kunne kada ya tsallake.

Sai Muhammadu Lawal ya kwanta, Bafulatanin da ke riƙe masa da shanu tun suna samari. Aka kai shi Kano, aka dawo da sunan ciwo irin na Zarami, amma ba a ba shi ƙwayar ba. Wai nasa wani iri ne, sai ƙarin jini da allurai a gadon asibiti. Ya ƙi zama.

Zarami ya same shi a ruga, kan tabarma, dasashinsa na tsattsafar jini.

"Bawana, mutuwa za ka yi ka bar ni da shanun da ba sa jin Barbarci?" in ji Zarami, cikin wasan Barebari da Fulani.

"Kai Babarbare, ko a lahira ni ne ubangidanka," in ji Muhammadu Lawal, da ƙyar muryar ke fita.

Zarami bai shawarci kowa ba, ko matarsa Bintu. A ganinsa ciwo ɗaya ne, kuma ba zai iya haɗiyar lafiya shi kaɗai ba, mutumin da suka sha nono a ƙwarya guda yana kwance. Ya riƙa sha yau, gobe ya kai ruga. A haka damina ta wuce.

Muhammadu Lawal bai tashi ba. Shi kuwa Zarami, gefen cikinsa na hagu ya sake tauri, loma kaɗan sai ya ture kwano.

Da ya koma Kano, likitar ta duba sakamakon jininsa ta ce, "Baba, kullum kake shan maganin nan?"

Ya gaya mata yadda suke yi. Sai ta ce:

"Baba, ƙwayar nan abu guda take nema a cikin jini ta kashe. Jininka yana da shi. Nasa babu. Ko buhu ya sha ba za ta taɓa ciwonsa ba."

"To, 'yata, sai in koma sha kullum."

"Ciwonka ya riga ya saba da ita, ba ya jin ta kuma. Akwai wata, amma ba kowa take karɓa ba, kuma yanzu ba mu da ita."

Da ya sauka daga mota bai shiga gida ba, ruga ya wuce. Fatu, matar Muhammadu Lawal, ta shimfiɗa masa buzu ta ja gefe. Muhammadu Lawal ya buɗe ido, ya miƙo tafin hannu.

"Babarbare, kada ka cuce ni. Yau ranata ce."

Zarami ya kalli hannun. Ya laluba aljihu, ya ɓallo ƙwayar ya sa masa.

"Fatu, kawo masa ruwa," ya ce.