Ƙofar Garejin Baba Mai Fenti

"Baba, don Allah ka ja ƙofar nan," in ji mai gyaran waya, yana toshe hanci da bakin rigarsa. "Warin maganin kankare fentin nan ya korar min mutum uku tun safe."

Baba mai fenti ya ɗago daga jikin motar, ƙarfen kankara a hannunsa. Bango ɗaya ne tsakanin garejinsa da shagon wayar. Shekara shida suna maƙwabtaka, ciwonsu kuma ɗaya, wato mota. Wannan tsohuwar motar da Baba ya tsinto, wadda ta sha fenti hawa huɗu, ita ce hirarsu kullum. Baba ya dage ja za a yi mata, mai gyaran waya kuma ya kafe a kan shuɗi. Abin da kawai bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne, ranar da ta tashi za su zaga gari a hankali, gilasai a sauke, kowa ya kashe kwarkwatar idonsa.

"In na rufe, ni kuma ta ina zan sha iska?"

"Kai da ka shekara arba'in kana shaƙarsa? Ai kun saba. In wani abu ya taso ka kira ni."

"Da wace wayar? Wadda yau kwana tara tana barci a aljihun teburinka?"

Suka yi dariya. "Gobe, Baba, in sha Allahu," ya ce. Mai gyaran waya mutum ne mai yawan gobe, musamman ga na gida. Baba ya yi tari, ya girgiza kai, ya ja ƙofar ƙarfen har ƙasa.

Da rana ta karkata wani direba ya kawo gyaran waya, hira ta ɓarke a kan tayoyi da ƙarar inji. Suna tsakiyar musu sai aka buga bango sau uku, ƙasa-ƙasa.

"Tsohon nan ba ya gajiya," in ji direban.

"Lotsawa yake miƙarwa," ya amsa, ya ci gaba da musunsa.

Sai da ya zo rufe shago ya lura shirun ya yi yawa. Ya ɗaga ƙofar garejin, warin ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa. Baba na kwance a gindin bango, numfashinsa sama-sama. An kai shi asibiti, ya kwana biyu, bai ƙara magana ba har rai ya yi halinsa.

Bayan mako guda babbar 'yar Baba ta zo shagon. Ya ba ta kujera, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yaya, abu ɗaya ne ya tsaya min a rai," ta ce. "Tun ina ƙarama Baba bai taɓa aiki da maganin nan ƙofa a rufe ba. Mu ma korarmu yake yi daga wurin. Me ya same shi ranar?"

Maganar ta zo masa har baki. Ya kwana bakwai yana shirya ta, amma tsoro ya fi ƙarfinsa, kuma ya san tsoro ne.

"Wayarsa tana wurina," ya ce.

Ya jawo aljihun tebur, ya kwance bayanta. Bakin cajin ne kawai ya toshe da ƙurar fenti. Ya share shi da ɗan burushi, ya jona. Fuskar wayar ta kawo haske da hoton motar, shi kansa zaune a gaban sitiyari yana washe baki.

"Har an gama?" ta tambaya.

"An gama."

"Ikon Allah, ko minti goma ba a yi ba." Ta karɓa da hannu biyu. "Allah ya saka da alheri, Yaya. Kullum cewa yake ya yi dacen maƙwabci."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta bar masa makullin garejin, ta ce ya riƙa buɗewa wurin ya sha iska.

Ya ɗaga ƙofar har sama. Motar na nan, rabinta tsurar ƙarfe, rabinta tsohon fenti a kumbure. A jikin bangon da ya raba su, daidai gwiwa, siminti ya ɓantare wuri uku, ƙarfen kankarar na yashe a ƙasa. Ya tsuguna ya sa yatsa a ramin farko. Ta cikin bangon yana jin rediyon shagonsa, tar.