Mama Ba Ta Tafa Ba

Da gwiwar hannu Lauratu ta tura ƙofar ajin, domin tulin kwanonin da ta kwaso a tsakar makaranta ya cika mata hannu. Shirun da ta tarar ne ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da wannan makarantar ƙananan yara ta unguwar Poumpoumré a Garuwa. Lauratu ke dafa musu shinkafa da wake, Mama Émilienne kuma ke ciyar da su, ta kwantar da su barcin rana idan malamai sun fita. Kullum kafin kiran azahar hayaniyarsu ta tsallako katanga. Yau har an idar da salla ba a ji motsinsu ba.

Ga yaran jere bisa tabarmi, gumi sharkaf, idanu a buɗe, amma babu wanda ya ɗaga kai. A tsakiyarsu Mama Émilienne na kwance a gefen dama kamar yadda ta saba. Dabararta ke nan tun da ta sauko daga duwatsun Mokolo ta kama wannan aiki: ta kwanta ta yi kamar mai barci, kuma doka ce ba mai tashi sai ta yi waƙa ta tafa.

"Anti Laure," wata yarinya mai suna Simone ta ce cikin raɗa, "Mama ba ta tafa ba."

"Tun ɗazu fitsari nake ji," in ji wani yaro daga lungu, muryarsa na rawa.

Lauratu ta ajiye kwanonin a hankali, ta ratsa tsakanin ƙananan ƙafafu.

"Mama? Mama Émilienne, rana ta yi fa."

Ƙuda na zaune a gefen bakin matar, ba ta kore shi ba. Maficinta ya faɗi. Bilya, autan ajin, wanda ba ya barci sai a jikinta, ya yi matashi da damtsenta yana sauke numfashi. Lauratu ta taɓa tafin ƙafarta. Duk zafin Garuwa na watan Afrilu, ƙafar sanyi ƙalau.

Ta janye hannunta da sauri. Matar da da safiyar nan ta leƙo ta katanga tana tsokanarta, "Ke amaryar kunya, yau ki rage barkono, 'ya'yana ba 'yan tasha ba ne!" Ihu ya taso mata har maƙogwaro. Ta dubi idanun da suka zuba mata ta ko'ina, ta haɗiye shi. In ta saki ihun nan, yaran za su san da wa suka kwanta, kuma ba za su ƙara yarda su rufe ido da rana ba.

"Ku tashi," ta ce. Ita kanta da ƙyar ta ji muryarta. "Ku fita waje."

Ba wanda ya motsa.

"Sai Mama ta tafa," in ji Simone. "Wanda ya riga tashi ba ya riƙe mata mafici gobe."

"Mama ta gaji ne. Ta ce in tafa mata."

"Ai ba haka ake yi ba. Waƙa tukuna."

Lauratu ko a gidan biki ba ta taɓa buɗe baki ta yi waƙa ba. Aji uku ta yi a lekol, makarantar boko, kuma ko a can in malami ya kira sunanta ƙasa take kallo. Waƙar ma da yaren Mafa ce, yaren su Mama, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Sai dai shekara da shekaru tana jin ta ta bayan katanga, tana wanke-wanke.

Ta durƙusa yadda bayanta zai kare fuskar Mama, ta fara. Muryar ta fito siririya, tana karkarwa. A baiti na biyu ta kakare, sai yaran suka ɗauka suka ƙarasa mata. Ta tafa.

Suka miƙe, kowa ya naɗe tabarmarsa.

"A hankali," ta ce, "kada ku tashe ta."

Suka fita da sanɗa, suna toshe baki suna ƙunshe dariya. Ta zare Bilya daga hannun da ya fara sandarewa, ta saɓa shi a kafaɗa. Bai farka ba.

A ƙarƙashin dalbejiya Idrisa mai gadi na naɗe buzunsa na salla.

"Baba Idrisa," ta ce ƙasa-ƙasa, "ka kai su gidanmu wajen Inna. Sannan ka tari mai moto, ɗan acaɓa, ya kira Madam direktiris, shugabar makaranta, a kuma gaya wa mutanen cocin su Mama."

Ya dubi fuskarta, ya dubi ƙofar ajin. Buzun ya suɓuce masa.

"Innalillahi... Ɗazu fa ta miƙo min ruwan sanyi!"

"Baba, yara na ji."

Ya haɗiye sauran maganar, ya karɓi Bilya, ya tasa su gaba. "To, sojojina, a jere, a jere!"

Da ƙofar makarantar ta rufe, Lauratu ta koma. Ta cire mayafinta ta lulluɓe Mama Émilienne, ta zauna a dokin ƙofa, sai a lokacin hawaye suka zo. Ƙananan takalman da ke jere a bakin ajin duk sun tafi. Silifas ɗin Mama kaɗai suka rage, wani yaro ya daidaita su ya juyo da su waje, yadda suke yi mata kullum don ta zura ƙafa in ta fito.