Zama a Kan Injin Walda

Da wutar layinmu ɗaukewa take yi gaba ɗaya, da na ce tana da mutunci. A'a, zuwa take kamar mai jinya: ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar. Ga kuma ƙanen marigayiya matata, mai walda, wanda na bai wa shagon ƙasan gidana. Waya ɗaya muke sha. Da zarar ya ɗosana sandarsa a ƙarfe, tsohuwar kwamfutarmu da ke sama sai ta mutu, ta sake tashi ta manta duk abin da ake yi.

Ran nan 'yata Auta ke da jarrabawar samun lasisin aikin jinya, ta intanet. Dokarsu: kwamfuta ta mutu sau ɗaya a yi haƙuri, ta sake, sai baɗi. Tun jajibiri na roƙi mai waldan ya ba mu safiyar. Ya dafa ƙirji ya ce ai 'yarsa ce.

Ba ta yi nisa ba fitila ta ƙyafta, allon ya yi baƙi. Auta ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi, irin kallon uwarta.

Na sauka ko takalmi babu. Na tarar da shi durƙushe gaban wata ƙofar ƙarfe, mai ƙofar na tsaye a kansa.

"Yaya, ɗan ɗigo ɗaya ne fa," in ji shi.

"Haka mai tsiyayar rufi yake cewa."

"Laifin masu wuta ne, ni me na yi?"

"Su ba su ci tuwon gidana ba."

Ya yi dariya, ya sake jawo sandar. Na zare filogin injin, na naɗe wayar a hannu, na hau kan injin na zauna. Da zafi, amma na zauna a wuraren da suka fi shi.

Mai ƙofar ya ce, "Baba, sauri nake."

"Ɓarawonka ma ya jira."

Ƙanen nawa ya cire baƙin gilashi. "Wallahi da yayata tana da rai, ba za ta bari ka wulaƙanta ni gaban mutane ba."

"Da tana da rai, a kanka za ta zauna, ba a kan injin ba."

Mai ƙofar ya kira ɗan dako ya kwashe kayansa. Ƙanen nawa ya rantse gobe zai bar shagon. Na ce akwai amalanke a bakin titi.

Rana ta take tsaka sannan Auta ta leƙo ta taga.

"Baba, na gama. Amsoshin sun shiga."

Na miƙe, wandona ya manne da ƙarfen, na miƙa wa ƙanen nawa wayarsa. Bai karɓa ba. Na ajiye a ƙasa, na hau sama.