Kafin Siminti Ya Kama

Mannir bai ko kashe babur ba ya hango mahaifiyarsa, Inna Hure, tsaye a waje da rana tsaka, ita da ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Ta zuba wa fuskar zaurensu ido. An kankare ta tas, an shafe da ɗanyen siminti.

Mannir ne da kansa ya sa a yi aikin. A makon nan soja za su miƙa mulki ga farar hula, ofishinsu na tsara bukukuwan gwamnati da ke unguwar GRA ya koma kasuwa: katin gayyata, jerin sunaye, wa zai zauna gaban wa. Ga damina ta kawo kai, zauren ƙasa kuwa duk shekara sai an yi masa yaɓe. Wa ke da wannan sukunin? Da safe, yana tura babur, ya ce wa Idi birkila ya yi filasta kowa ya huta.

"Mannir," in ji Inna, "ina zanen babanka?"

Mannir ya ɗaga kai ya dubi bangon. Mahaifinsa, marigayi Malam Dabo, magini ne, da yatsunsa ya yi wa zauren nan zayyana a shekarar da ya auro ta. Sauran ayyukansa na cikin birni duk sun rushe, wannan kaɗai ya rage, ko hoto ba a taɓa ɗaukarsa ba.

Idi ya sauko daga tsani jiki a sanyaye. "Wallahi Malam, cewa ka yi a shafe. Amma bai kama ba tukuna. Zana mani shi a ƙasa, yanzun nan in maida shi bisa bango."

Mannir ya tsuguna, ya ɗauki tsinke. Shekara arba'in da ɗaya yana shige da fice a ƙarƙashin zanen nan, kullum a guje, kullum ya makara. Mutum ne da zai jero maka sunayen baƙi ɗari biyu da kujerunsu ba tuntuɓe. Ya ja da'ira. Ya goge. Akwai dagi a tsakiya, ko kuwa a zauren maƙwabta ya gani?

"Inna, mi ke saman ƙofa?"

"Ni ka tambaya? Ni da nike ciki? Na san dai yana da kyau. Na sakankance kai kana kallo nai kullum."

Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar jana'izar mahaifinsa. Ya tambayi masu wucewa sallar la'asar, mutanen da suka tsufa a layin nan na Ƙofar Durbi. Wani ya ce takobi ne, wani ya ce ganye, wani ya tsaya yana mamakin wai da zane a wurin.

Inna ta ja mayafinta ta koma ciki.

Idi ya danna bangon da babban yatsa. Bai lotsa ba. Ya dubi Mannir da ke tsugune da tsinke a hannu, sannan ya ja bokiti ya fara wanke kayan aikinsa.