Ruwan da Ke Sauka a Bakinta Kaɗai

"Kashi nawa suka ba mu yau?" Direba ya tambaya daga kan kujera, yana fama da cusa ƙafarsa mai ciwo cikin takalmi.

Matarsa ta kawo waya kusa da hancinta. Hasashen yanayi ya nuna rana fes, yiwuwar ruwa kashi goma cikin ɗari, ga ɗumi har la'asar. Daga gobe kuwa sanyi zai sauko, ruwa na biye da shi.

"Saba'in," ta ce, ko ido ba ta ƙifta ba. "Da iska mai ƙarfi. Cire takalmin nan."

Tun safiyar da ya zame a matakalar ƙofar gida, bayan an kwana ana yayyafi, ƙugunsa ya karye, tabaransa ya fashe, ita ce ta zama idonsa. Duk tsawon shekarun da ya yi yana tuƙa bas a cikin gari bai taɓa fita bai ji hasashen yanayi ba, kuma ritaya da karaya ba su raba shi da wannan hali ba. Sai dai yanzu ta bakinta hasashen ke fitowa, a bakinta kuwa kullum hadari ne ya haɗo. Tabarau ma an daɗe da gyara shi, ta cusa shi ƙarƙashin zannuwanta a durowa.

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. A gabanta ya faɗi, hannuwanta cike da ledojin cefane, ta kasa tare shi. Har yau ba ta manta ƙarar da ƙashin ya yi ba.

Tana wanke kofuna a kicin sai ga kiran Auta, 'yarsu da ke aikin jinya.

"Mama, Baba ya fita kuwa?"

"Ina zai je ana wannan hadari?"

"Wane hadari? Gari ɗaya muke fa, Mama. Shanyata har ta bushe." Auta ta sassauta murya. "A gabanki likitan ƙashi ya faɗa, zagayen falo ba ya wadatarwa. In bai fara taka titi ba kafin sanyi ya kama, ƙafar za ta sandare, shi da kujerar nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ɗumin yau shi ne na ƙarshe."

"Ke da aka haifa jiya za ki koya mini jinyar mijina?" ta ce, ta kashe wayar. Amma ta daɗe tsaye, famfo na zuba, kofi ɗaya a hannunta.

Da ta koma falo ta tarar ya ja kujerarsa jikin taga. Rana ta kwanta a gwiwoyinsa, yana kallon ganyaye da suka yi ruwan ɗorawa suna faɗowa kan titi. Takalmin yana nan a ƙafa ɗaya, bai cire ba. Tausayinsa ya kama ta har sai da ta ji haushin kanta.

"Baban Auta."

"Na'am, hukumar yanayi."

"Na sake dubawa. Wai goma ne."

"Ikon Allah! Daga saba'in zuwa goma kafin shayi ya huce?"

"Ai ka san ƙarshen kaka, ba shi da alƙibla."

"Haka ne. Ni ma na lura bana ruwa na ta zuba, amma ko sau ɗaya bai jiƙa tagar nan ba."

Kunya ta rufe ta. Ta zauna a hannun kujera tana murza bakin mayafinta. "Ashe ka sani, ka yi shiru?"

"Ni na karye, ke kika ji ciwon," ya ce. "Na ce bari in jira ki warke."

Ta kai masa dukan wasa a kafaɗa don kada ya ga idonta. Sannan ta tashi ta ɗauko masa tabaransa daga durowa, ta hau shirya shi: riga kan riga, suwaita, hular sanyi, safa biyu, har ya ce, "Yawo za mu je, ko aikawa da ni za ki yi cikin kwali?"

Ta riga shi fita da tsintsiya ta share ganyen matakala, ta bi da tsumma ta goge duk da a bushe take ƙamas. Ya sauko da sandarsa sannu a hankali, ta damƙe hannunsa kamar za a ƙwace mata shi.

Mai shagon kusurwa ya leƙo. "Direba! Yau an fito da mota daga gareji?"

"An fito," ya ce yana haki, ya nuna matarsa da haɓa. "Sai dai birkin ya fi injin ƙarfi."

Da ƙyar suka kai bencin tashar bas. Ya zauna, zufa na tsattsafo masa ƙarƙashin hula, fuskarsa kuwa a washe. Kowace bas ta tsaya sai ya samo wa direbanta laifi. Wannan ya taka birki kamar mai kashe kunama, wancan bai duba madubi ba. Rabon da ta ji shi yana surutu haka tun kafin asibiti.

Can wajen la'asar iska ta canja, sanyi ya fara tsunkulin kunne, gajimare ya taso daga bayan benaye. Direba ya ɗaga kai ya dube shi.

"Gobe fa?"

Ta ciro wayar, ta karanta abin da ke ciki ba ƙari ba ragi. "Tamanin. Ruwa tun safe, sanyi kuma zai ƙaru sosai."

Ya gyaɗa kai, ya shafa gwiwarsa, fara'ar ta ragu. "To, shi ke nan. Yau ma mun gode Allah."

Ta mayar da wayar cikin jaka, ta ja zif. Sannan ta dube shi.

"Wa ya ce shi ke nan? Akwai laima biyu a bayan ƙofa. Da hantsi za mu fito."