Ranar da Marigo Ta Riƙe Furotiyas

Sunan da aka raɗa masa a coci Argiris, amma a tsibirinmu ka ce Furotiyas, ko akuya za ta nuna maka gidansa.

Furotiyas na asali shi ne tsohon nan na cikin teku a labarin kakanninmu, wanda ya san komai amma ba ya faɗa. Ka cafke shi, ya rikiɗe ya zama zaki, ya koma maciji, ya zama ruwa. Sai wanda ya jure bai saki ba yake jin gaskiya. An sa wa jirage sunan, jikata mai aikin asibiti ta ce har wata ƙwayar cuta ta ci sunan. Amma babu wanda sunan ya dace da shi kamar Argiris, mijin ƙawata Marigo. Tambaye shi inda ya kamo kifi, ka sha labarin ciwon gwiwarsa.

Masuntanmu da ido suke gane makwancin kifi. Mutum ya daidaita hasumiyar coci da wani dutse, nan zai saki taru. Kowa da alamominsa, daga uba sai ɗa, shi kuwa Argiris Allah bai ba shi ɗa ba.

Bana ya fara dawowa da kwando wayam. Marigo ta ga yana laluben kofin gahawa a kan tebur, hankalinta ya tashi. Wanda bai ga coci ba, wata rana ba zai ga hanyar gida ba.

Ina ɗinkin taru a bakin gaɓa ta zo ta rungumo shi ta baya yana kwance igiyar jirgi.

"Argiris, idonka ne?"

Ya zama zaki. "Sake ni, ke tsohuwa! A gaban mutane?"

"Yi ta gurnaninka."

Ya koma saurayi. "Haba 'yar fara, ashe har yanzu ina tashe?"

"Tashen me, da haƙora uku?"

Ya yi laƙwas zai sulale, ta ƙara matse shi. Hannun da ya tsufa yana murza ƙullin burodi ba a zille masa. Can ya daina motsi.

"Cocin ya ɓace min, Marigo. Tun lokacin sanyi fari kawai nake gani."

Tausayinsu ya kama ni har na soke yatsa da allura.

Marigo ba ta taɓa shiga jirgin kamun kifi ba tun da teku ta cinye wanta. Sai ga ta ta tattare siket ta taka ciki.

"To, faɗa min alamomin da zan duba maka."

"Sirrin ubana? Kafin rana ta take Kaliyo ta ji, gari ya ɗauka!"

Kaliyo ni ce, kuma bai yi ƙarya ba.

"Ko ka faɗa, ko mu wuni a nan."

Ya bi ta cikin jirgin, ya sunkuya daidai kunnenta. Na miƙa wuya iya miƙawa, ban tsinci ko kalma ba. Marigo ta ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu.

"Tayar da injin, kafin in canza shawara."